Giɓin Modu

Ruwan sama ma ya canja murya a garin nan. Yanzu in hadari ya sauko sai ka ji kamar ana juye tsakuwa a kan kwano, ba mai jin maganar wani, jikokina su ƙure talabijin, ni kuma in ja mayafi in rufe kunne ina tsaki. A da ba haka ruwa yake zuwa ba. A ɗakin soro ba ka jin saukarsa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne yake fara shigowa, can sai indararo ya kama zuba a randar da aka tara masa. Mu yara mu yi ta murna, manya kuwa su yi tsit suna kasa kunne, domin ginin ƙasa yana da irin nasa nishin kafin ya faɗi, kuma duk wanda ya tashi a cikinsa ya san wannan nishi. Yau an ce an ci gaba, an yi bulo da siminti, amma ruwa kaɗan za a yi ka ga kwata ta cika ta shigo har tsakar gida da leda da ƙazanta, saboda kududdufan da suke shanye ruwan duk an cike su an dasa shaguna a kai. In na yi magana a ce Hajiya ta cika mita. Na cika ɗin, kuma ba yau zan daina ba.

Gidan da aka haife ni yana wajen Dukawuya, tun gidaje ba su kai bakin ganuwa ba. Tsakaninmu da badala, wato ganuwar, gonaki ne, gero da dawa da rama da kuɓewa, a cikin birni fa, ba a bayan gari ba. In na faɗa wa yaran yanzu sai su kalli juna suna ƙunshe dariya, wai tsufa ya fara taɓa ni. Da safe abin da yake tashin mu shi ne ƙarar taɓarya daga gida zuwa gida, da kukan jakunan masu itace da suke shigowa ta ƙofa, da kiran mata masu nono. Aikina shara ne da ɗebo ruwa a rijiyar unguwa, sannan in ɗauki farantin dafaffiyar gyaɗa in zaga da shi. Mahaifina, wanda muke kira Abba, ɗinki yake yi a Kasuwar Kurmi, da hantsi yake fita sai la'asar sakaliya. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Inna, mahaifiyata, ita ma ba ta da hayaniya. Duk zafin gidan mutum biyu ne suka raba shi, kakana Malam Modu da ƙanwarsa Gwaggo Fanna, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Dangi suna cewa halin su biyun aka haɗa aka zuba min.

Kaka tsohon ɗan kasuwar kanwa ne, dogo, baƙi, da zanen Barebari a kumatu. Lokacin da na yi wayo ya riga ya bar kasuwa, sai karatu a zaure da kiwon 'yan tumakinsa. Amarya yake kirana, ni kuma in ce me zan yi da miji marar haƙora, ya ce ai gara shi, ba zai cinye min naman miya ba. Amma yana da wani aiki guda da ba wanda ya sa shi. Akwai wani yanki na badala daura da gidanmu, daga wata tsohuwar kuka zuwa inda ganuwar ta ɗan lanƙwasa, shi yake kira namu. Ya ce a zamanin da, in an gama girbi, akan yi shela kowace unguwa ta fito gyaran ganuwa, kowa da iyakar rabonsa, da kiɗa da tuwo, maza na kwaɓa ƙasa, samari na ɗauka, mata na kawo ruwa. Mahaifinsa ya zo daga Barno da ayarin kanwa, ya yi zama a Yakasai kafin a ba shi fili a nan, ya daɗe ana ce masa baƙo. Ranar da mai unguwa ya nuna masa wannan yanki ya ce nasa ne da 'ya'yansa, ya tuɓe riga ya shiga taɓo, daga ranar ba wanda ya sake kiran sa baƙo. Kaka yana saurayi ya yi wannan aiki tare da shi. Da Turawa suka zo aka daina shela, kowa ya watsar, shi bai watsar ba. In aka tambaye shi sai ya ce, “An daina kira, amma ba wanda ya zo ya ce min an karɓe.”

Don haka duk bayan damina sai ya ɗauki kwando da fartanya ya hau. Ya cike hanyoyin da ruwa ya zaizaye, ya tumɓuke tumfafiya da ƙananan itatuwa kafin saiwarsu ta tsaga ginin, ya toshe ramukan gafiya, ya shafe da hannu. Hagu da dama ganuwar ta fara zubewa, wani wurin ta zama tudu kawai, amma namu yankin yana tsaye sumul, ko daga nesa ka hango shi ka san yana da mai shi. Ni nake kai masa ruwa a ƙaramin tulu, ba don ina son aikin ba, don dai in hau sama. Daga can ake ganin gari gaba ɗaya a shimfiɗe, ja-ja-ja, hayaƙin girki yana tashi, shirwa tana yawo a ƙasan ƙafarka. A baya kuma ga ramin da aka haƙa tun asali, cike da sarƙaƙiya, wanda ya ce ko doki ba ya iya ƙetare shi. In ya gaji sai ya zauna ya miƙe ƙafa ya fara yi min tambaya.

“Amarya, wancan dutsen na kusa fa?”

“Goron Dutse.”

“Na can baya?”

“Dala mana. Kullum sai ka tambaye ni.”

“Zan yi ta tambaya har ki zama tsohuwa irina. A gindinsa aka fara garin nan, tun ba a san ganuwa ba. Maƙera ne, suna haƙo tama suna narkawa. Har gobe in kin tona wajen za ki samu kashin ƙarfensu da tsingaron tukwanensu.”

Daga nan sai ya bi unguwanni da yatsa. Zangon Barebari, nan ayarin mutanenmu suke sauke kaya. Tudun Nufawa, Nufawa ne suka zauna a kan tudun. Agadasawa, mutanen Agadas. Soron Ɗinki, sana'ar ubanki ce ta ba shi suna. Rijiya Biyu, sai ki je ki ƙirga. Na taɓa tambayarsa Dukawuya fa, ya ce ya ji labari iri-iri, amma bai ji daga bakin wanda aka yi a gabansa ba, saboda haka ba zai ɗora min abin da bai tabbatar ba. A lokacin gani nake surutun tsofaffi ne, hankalina yana kan gyaɗata da take hucewa. Yanzu da nake jin jikokina suna kwatance da gidan mai da shagon cajin waya, nakan ji haushin kaina da ban ƙara kasa kunne ba. Mu mun tashi a garin da kowane lungu yake faɗa maka wanda ya fara zama a cikinsa.

Abin da Kaka ba ya yafewa shi ne ɗibar ƙasar ganuwa. A lokacin mutane sun fara, domin ƙasar badala ta sha kwaɓi tun zamanin kakanni, ba ta da na biyu wajen gini. Ko ina za a sara, amma ban da daga kuka zuwa lanƙwasa. Akwai wani Ɗan'azumi mai jakuna, maƙwabcinmu, sana'arsa kai wa magina ƙasa. Wata rana Kaka ya same shi ya kafa dagi a yankinmu, ya sa shi ya juye mangalar a inda ya ɗebo, a gaban mutane, yana ce masa, “Kakanninka suka ɗora da hannunsu, kai kuma ka zo ka sauke da jaki?” Ɗan'azumi ya yi ta ba da haƙuri har da durƙusawa. Daga ranar ko akuya aka gani a saman wurin sai yara su kore ta, su ce ta sauka kafin Malam Modu ya gan ta. Ni kuwa ina taƙama da wannan, in na yi faɗa da wata sai in ce ta san ko jikar wace ce ni.

Shekarar da nake son ba da labari, damina ta yi nauyi ƙwarai, kuma a tsakiyarta Inna ta haihu. Namiji ne. Kafin shi ta haifi maza biyu, duk ba wanda ya kai arba'in, don haka gidan kowa a tsorace yake, ana murna ana ɗari-ɗari. Gwaggo Fanna ta ɗaura ɗamara. Safe da yamma ta tafasa ruwa a babbar tukunya ta yi wa Inna wankan jego da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa da wata kanwa mai kyau da Kaka ya daɗe yana ɓoyo, ta hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa har ɗakin ya yi ɗumi kamar cikin tanda. A wurin mutanen da, ba abin da ake tsoro wa mai jego da jariri kamar sanyi. Yanzu likitoci sun ce wani abin ma cutarwa yake yi, ban musa musu ba, su suka yi karatun. Amma a lokacin iyakar saninmu ke nan, ɗumin ɗakin nan shi ne ran yaron.

Bayan bikin suna da 'yan kwanaki aka yi wani ruwa da ya kwana ya wuni bai ɗauke ba. Da hantsi ina wanke-wanke a bakin rumfa sai na ga Gwaggo ta saki muciya ta tsaya cak. Ita ta ji nishin. Ta kwarma salati ta faɗa ɗakin Inna ta suri jaririn, Inna ta biyo ta da rarrafe, ƙafarta ke nan a waje bangon baya ya sulale ya zauna, azara ta karkato ta tokare a kan gadon. Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Amma ɗaki ya tafi, gadon wuta ya tafi. Ɗakin da muke kwana ni da Gwaggo yoyo yake ta ko'ina, rufinsa ma ba abin amincewa ba ne. Maƙwabta kuwa kowa ta kansa yake yi, don a unguwar gidajen da suka zube sun fi waɗanda suka tsira. Sai aka mayar da Inna zauren Kaka, aka rataya tabarmi a ƙofofin biyu, aka ajiye mata kaskon garwashi. Iska tana shiga ta nan tana fita ta can. Ba a jima ba ƙafafun Inna suka fara kumbura, jaririn kuma ya kama wani tari ƙanƙane, ƙirjinsa yana kurkur. Duk wanda ya ji tarin sai ya sunkuyar da kai, domin mun taɓa jin irinsa a gidan.

Abba ya rufe ɗinki ya shiga neman ƙasa. Kududdufan da ake haƙa duk sun cika maƙil da ruwa. Gonaki shuka ta yi tsayi, ƙasarsu ma ta zama kunu. Maginin da aka kira ya duba ɗakin ya ce zai iya tayar da bangon ya mayar da azarar, amma ko an yi sabon tubali ba ranar da za ta busar da shi. Ya kalli Abba ya ce, “Busasshiyar ƙasa a Kano yanzu wuri ɗaya take, kai ma ka sani.” Kowa ya sani. Cikin badala ruwa ba ya ratsawa.

Kaka yana zaune a ƙarƙashin rumfa a kan buzunsa, tunda an karɓe masa zaure. Abba ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

“Baba, magini ya duba ɗakin.”

“Na ji abin da ya ce.”

“To, Baba, shi ne na ce ko...”

“A jira rana ta fito. Ruwa ba ya dawwama.”

Abba ya ce to. Iyakar abin da zai iya cewa ke nan, ɗa ba ya ja da ubansa a gidanmu. Amma Gwaggo Fanna tana bakin murhu tana ji, ita kuwa ciki ɗaya suka fito, ba ta jin tsoronsa.

“Yaya, wace rana za a jira? Ka ɗaga kai ka ga sama mana. Biyu muka kai maƙabarta daga ɗakin yarinyar nan, so kake mu kai na uku?”

“Fanna, rai na Allah ne.”

“Ita ma ganuwar ta Allah ce! Baban da ya bar maka ita, da yana nan, kana jin zai zauna yana kallon jininsa yana tari a zaure saboda tulin ƙasa?”

“Ba ƙasar ba ce, Fanna. In na sara yau, da wane baki zan hana wani gobe?”

“To ka adana bakinka. Mu bari mu nemi ƙyallen likkafani.”

Ban taɓa jin an faɗi magana mai nauyin wannan a gidanmu ba. Abba ya ce, “Haba Gwaggo,” a hankali. Ni kuwa kuka ya ƙwace min, don a ranar na tsani Kaka, na tsani badalarsa, na ji da ina da ƙarfi da na ture ta gaba ɗaya. Daga bayan tabarma aka ji tarin ya sake tashi, ya daɗe bai tsaya ba, Inna tana jijjiga yaron tana kiran sunan Allah.

Da aka yi azahar Kaka ya shafa addu'a, ya tashi ya shiga inda ake ajiye kayan noma ya fito da dagi. Abba ya taso da sauri.

“Baba, kawo ni in je.”

“A'a. In dai za a sare ta, ba mai sara sai ni. Kuma da rana tsaka, kowa yana gani.”

“To Baba, ko can gaba, wajen da ya riga ya zube? Can ba mai kulawa.”

Kaka ya tsaya ya dube shi. “Can rabon wasu ne. Don ba sa zuwa ba shi ne ya zama nawa ba. Ban taɓa ɗaukar na mutane ba, ba zan fara da furfura ba.”

Har yau in na tuna wannan magana sai raina ya ɓaci, in rasa da wa zan yi fushi. Ga ganuwa nan ta zube ko'ina, ba mai tambaya, da ya matsa gaba kaɗan ya ɗiba da shi ke nan. Amma shi a wurinsa har yanzu kowane taku yana da mai shi, ko da masu shi sun mutu ko sun manta. Sai ya nufi wurin da ya fi ko'ina kyau a duk wannan ɓangaren, wurin da ya ƙare ƙarfinsa a kai, ya yi bisimilla ya kafa dagi. Mun bi shi da kwanduna, ni da Abba, ana yayyafi. Fatar waje ta yi tauri, sai da ya yi ta sara kafin ta buɗe. Ciki kuwa a bushe ƙamas, ja jawur, har ƙura take yi. Da ya ƙara shiga sai ga tsofaffin tubala suna fitowa ɗai-ɗai, lafiya lau, kamar jiya aka jera su. A jikin wasu akwai shatin yatsun wanda ya mulmula su. Kaka ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana kallo, ya sa yatsunsa a cikin shatin. Kuka ya yi, na gani da idona, bai kuma ɓoye ba. Sannan ya saka shi a kwandona ya ce, “Amarya, ɗauki a hankali, kar ya fashe.”

Muna cikin haka sai ga Ɗan'azumi ya ɓullo ta cikin gero da jakunansa. Ya tsaya. Na ɗauka zai yi dariya ko ya rama, har na tanadi baƙar maganar da zan mayar masa. Sai ya cire takalmi ya ce, “Sannu da aiki, Malam. Ya mai jikin?” Sannan ya ce kwando ba zai yi ba, bari ya kawo mangala. Don Allah ya yi, ban taɓa shakkar wannan ba, ya yi ta jigila har magariba bai karɓi ko ruwa ba. Kaka ya yi masa godiya. Amma na ga yadda ya bi jakunan da kallo suna tattaka gindin badalar, ya san abin da ya buɗe.

Magini ya tayar da bango da tsofaffin tubalan, aka gyara azara, aka sake gadon ƙasa, Gwaggo ta hura wuta har bangon ya yi ta tururi. Aka mayar da Inna ɗakinta. Tarin ya lafa. Yaron ya yi arba'in, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, shi ne ƙanena da yake da jikoki yanzu, mai gardamar tsiya. Wannan kam alhamdu lillahi, ban taɓa cewa da ba a yi ba.

Niyyar Kaka ita ce da rani ya yi sabon tubali ya mayar da abin da ya ɗiba. Amma tun washegari mutane suka fara sallama. Duk waɗanda gidajensu suka zube ne, wani da tsohuwa a waje, wani da yara. Su durƙusa su ce, “Malam, mun zo neman alfarma.” Me zai ce musu? Ɗansa ya fi nasu ne? Sai ya ce, “Ku ɗiba, amma daidai buƙata.” Bayan masu neman izini sai marasa nema, bayan masu buƙata sai masu sayarwa. Kafin a yi girbi ramin ya ɓulle ta baya. Awaki suka fara bi, yara suka bi awaki, masu itace suka gane ya fi musu sauƙi da zagayawa ta ƙofa, aka sassare sarƙaƙiyar aka cike ramin baya da shara. Da rani ya yi Kaka ya ɗauki kwandonsa ya je, abin da ya cike yau gobe ya tarar an tattake. Ya yi ta yi har ya gaji. Wata rana ya dawo ya rataye kwandon a rumfa, bai sake saukewa ba, bai kuma sake hawa badala ba.

Ban san wanda ya fara kiran wurin Giɓin Modu ba. A bakin yara na fara ji, na kuwa ci kwalar wata yarinya a kai. Ko Malam ɗin ma ba su sa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tsare wurin nan, ba wanda ya taɓa kiran badalar da sunansa tana tsaye, sai da ta fashe. Mun yi ta ɓoye masa, Abba ya hana a faɗa a gidan. Sai wata la'asar, yana zaune a ƙofar zaure ina tsince masa ƙaya a ƙafa, ga wani baƙauye da jaki ɗauke da kara ya yi sallama.

“Baba, don Allah ta ina ake bi zuwa Giɓin Modu? An ce min ta nan ya fi kusa.”

Na ji ƙafar Kaka ta motsa a hannuna. Ya ce, “Wane ne Modun?”

“Oho, wallahi ban sani ba. An dai ce wani tsoho ne da ya fasa ganuwar yana sayar da ƙasa.”

Na miƙe tsaye na ce, “Ƙarya ne! Ƙarya kake yi!” Mutumin ya ja da baya yana mamaki. Kaka ya kamo zanena ya zaunar da ni.

“Bi ta bayan masallacin can, ka miƙe cikin gonar, za ka hangi kuka. Ka kula da jakinka, gangaren yana da santsi.”

Da mutumin ya tafi na ce, “Kaka, me ya sa ba ka faɗa masa ba?”

“Me zan faɗa masa? Sayarwar ce kawai ƙarya. Ƙarasa cire min ƙayar.”

Bai daɗe sosai bayan wannan ba ya rasu. Ni kuma na yi wa kaina alkawari sunan nan ba zai taɓa fita daga bakina ba. In zan yi kwatance sai in ce wajen kuka. Aka yi min aure aka kai ni Yakasai, na haihu, na aurar, na yi takaba, ban faɗe shi ba. Ina ji gonakin suna zama gidaje, giɓin yana faɗi har mota ta fara bi, aka zuba kwalta, ina jin kwandastoci suna kiransa a tasha, in kawar da kai. In ƙanena ya faɗa a gabana sai mun yi kwana da kwanaki ba ma magana.

Kwanan baya aka yi rasuwa a tsohuwar unguwarmu, na ce zan je gaisuwa. Na daɗe rabona da wajen, ƙafa ta yi nauyi. Na tari adaidaita sahu na ce ya kai ni wajen kuka, ta Dukawuya. Yaron ya ce wace kuka. Na ce babbar kukar bakin badala. Ya ce, “Hajiya, ni fa ban san wata kuka a wajen ba, ba wani gidan mai ko makaranta a kusa?” Muka yi ta zagaye, shaguna ne jere ko'ina, masu faci, masu sayar da katifa, ban gane komai ba. Rana ta yi zafi, ya fara ƙosawa. Da na rasa yadda zan yi, sai na faɗa.

“Giɓin Modu. Kai ni Giɓin Modu.”

Ya juyo ya ce, “Ina ne haka kuma?”

Ya tsaya ya tambayi wani mai shago, bai sani ba. Aka tambayi wani mai furfura a bakin masallaci, ya ce kamar ya taɓa ji yana yaro, amma ba zai iya nunawa ba. Ashe tunda ganuwar ta tafi hagu da dama, ba sauran abin da za a kira giɓi. Na ce ya sauke ni a nan.

Na yi shekara da shekaru ina roƙon Allah Ya sa a manta da sunan nan. To an manta. Sai a bakin titin nan na gane shi kaɗai ne ya rage wa Kaka a garin da ubansa ya shiga taɓo don a daina ce masa baƙo. Na tsaya motoci suna wucewa, ina maimaita sunan a hankali ni kaɗai, kamar mai tsoron kar ya suɓuce. Wata mai suyar awara ta daɗe tana kallona, can ta taso ta miƙo min kujerarta.

“Hajiya, zauna ki huta. Baƙuwa ce ke a nan?”

Na zauna. Na ce mata e.